Awaki 5 tumaki 3, dan Allah wa zai warware mana wannan lissafin

Maman Abba (Garwa): Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da yamma. Dan Allah masu boko ku taimaka min, yaron nan Abba tun bayan la'asar yake zaune da kaye, wato littafin rubutunsa, a gaba ko abinci yaƙi ci, wai dabuwar ɗin lissafi, wato aikin gida, aka basu gobe za'a karɓa, gashi bana yana turwaziyem, aji huɗu na sakandare, jarabawar BEPC na gabansa. Ni iyakata CM2, ajin ƙarshe na firamare, aka min aure, babansa kuma yana hanyar Ngaundare da mota sai jibi. Tambaya biyu ce, ya fassara min na rubuto yadda ya faɗa.

Ta farko: mutum uku sun haɗa jari, ɗaya ya sa 150,000 ɗaya 200,000 ɗaya 250,000, suka ci ribar 96,000, nawa kowa zai ɗauka.

Ta biyu: wani makiyayi awakinsa da tumakinsa 5:3 ne, sai ya saida awaki 10 ya sayo tumaki 6, sai suka koma 4:3. Wai nawa ne awakin da tumakin tun farko.

Ɗan Kusiri: Wslm Inna. Ta farko 24,000 da 32,000 da 40,000. Ta biyun bari in nemo biro

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Wa alaikumus salam Hajiya. Ta farkon nan ai ba sai an je lekol ba, kullum ita muke yi. Ki ce masa ya ɗaure kuɗin dubu hamsin hamsin, na farko ɗauri 3 ya kawo, na biyu ɗauri 4, na uku ɗauri 5, duka ɗauri 12 kenan. To ribar ma kashi 12 za'a yi ta, 96,000 a raba 12 ya bada 8,000, kowa ya kwashi adadin ɗaurinsa shikenan an tashi. Shi me ya rubuta?

Maman Abba (Garwa): Yace shi raba 96,000 yayi gida uku kowa 32,000

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Hhhhh da a kasuwa ne da mai 250,000 ya shaƙe masa wuya

Kawu Mason (Gidar): Ai ya ci na tsakiyan ko, a bashi rabin maki 😂

Maman Abba (Garwa): Alhaji wallahi abin da ke ɗaure min kai kenan, yaron nan ranar da babu lekol shi nake bari a shago, mutum ya sayi sukari dala sittin, sabulu dala saba'in da biyar, mai na dala ɗari, ya miƙa masa jaka biyu kafin in ɗago kai ya bada canji kuma daidai, ban taɓa kama shi da kuskure ba. Amma da zarar an rubuta a takarda sai ya zama kamar wanda bai taɓa ganin kuɗi ba.

Goggon Injamena: 'Yar uwa ba ke kaɗai ba ce. Mu nan da riyal ake ƙirge, riyal ɗaya faran 5 kamar dalarku, in balarabiyar kasuwar Dembe tace miya kowa ya san 500 take nufi, jikata mai shekara 9 ta san wannan ba wanda ya zaunar da ita. Amma ka ce mata ta ninka 100 sau 5 a allo sai ta hau ƙirga yatsu

Malam Iro (mai koyar da lissafi, Marwa): Salam jama'a, yanzu na dawo daga masallaci na tarar da wannan. Hajiya abin da ke da Goggo kuka faɗa shi ne zuciyar maganar. Yaron da yake juya dala zuwa faran a kansa ya riga ya iya darasin nan, dala da faran ai 1 ne da 5, duk inda dala ta ƙaru faran ya ƙaru ninki biyar, babu wani abu a babin da ya wuce haka. Matsalar ita ce shi a wajensa akwai lissafin shago akwai lissafin Misiye wato malamin lekol, kuma bai taɓa zaton danginsu ɗaya ba, na shago da Hausa ko Fillanci yake yinsa, na Misiye da Faransanci yake haddace shi. Ki tambayar min shi, a ta biyun da ya ga 5:3 me ya fara yi?

Maman Abba (Garwa): Wai ya raba 5 da 3 a kalkilatiris ya samu 1,66 daga nan ya tsaya

Malam Iro: Haka na zata. Kuma ba laifinsa bane gaba ɗaya, mu a ɓangaren Faransanci ɗigo biyu alamar rabawa ce tun daga firamare, yaro ya ga 5:3 hannunsa rabawa zai yi. 'Yan ɓangaren Ingilishi masu GCE da yaran da suka yi karatu a Mubi ko Yola su suka saba ganinsa a matsayin gwada abu biyu. To a nan ma'anarsa duk inda ka ga awaki 5 akwai tumaki 3 a gefensu. Ba wai awakin guda 5 bane.

Ɗan Kusiri: Na gama. (5x − 10)/(3x + 6) = 4/3, kayi purodwi an kurwa, wato ka ninka saman kowane gefe da ƙasan ɗayan, x = 18, awaki 90 tumaki 54

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Kai ɗan nan a hankali mana, ka watso mana x kamar mai watsa wa kaji tsaba. Ni ma 90 da 54 na samu amma ba x ko ɗaya, ga yadda nayi a bayan kwalin shayi. Na ce a ƙaddara garken layi layi ne, kowane layi awaki 5 tumaki 3. Na gwada layi 10, awaki 50 tumaki 30, a cire 10 a ƙara 6 ya zama 40 da 36, awakin sun yi kaɗan. Na gwada layi 20, awaki 100 tumaki 60, ya koma 90 da 66, wannan karon awakin sun ɗan yi yawa amma kaɗan, sai na san amsar tana kusa da 20, na sauko 18 sai ga 80 da 60, wato ashirin sau huɗu da ashirin sau uku. To ina amfanin x ɗin

Malam Iro: Alhaji ranka ya daɗe ai kai ma x ɗin kayi, kawai kai ka raɗa masa suna layi. Abin da Ɗan Kusiri ya kira x shi ne yawan layukanka. Bambancin kawai kai kana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya ɗaya har ka dace, shi kuma ya tambayi lambar gidan.

Hajiya ki miƙa wa Abba wayar ya karanta wannan da kansa. Abba, awaki 5x ne tumaki 3x, domin layi x ne kowanne da 5 da 3. Bayan ciniki awaki sun zama 5x − 10, tumaki 3x + 6. An ce yanzu 4 ne da 3, to ka lura, in awaki kashi 4 ne tumaki kashi 3, awakin sau 3 da tumakin sau 4 dole su zo daidai, duka kashi 12 ne. Saboda haka 3(5x − 10) = 4(3x + 6). Ka buɗe baka, 15x − 30 = 12x + 24. Ka ƙara 30 a kowane gefe, 15x = 12x + 54. Ka ɗebe 12x a kowane gefe, 3x = 54. Ka raba kowane gefe da 3, x = 18. Sannan kada ka tsaya nan, ba x aka tambaye ka ba, awaki aka tambaye ka, 5 sau 18 = 90, 3 sau 18 = 54. Yara da yawa a nan suke zubar da maki, su samo x su ja layi biyu a ƙarƙashi su miƙe.

Maman Abba (Garwa): Misiye nine Abba, mu an koya mana in lamba ta tsallake egal (=) sai ta canja alama, ba'a ce mu ƙara a kowane gefe ba

Malam Iro: Na sani ɗana, kuma amsa ɗaya za ka samu, amma wannan maganar ta tsallakewa ita take kashe min yara duk shekara. Ba abin da ke tsallakewa, lamba ba akuya ba ce. Yaro ya haddace in ta tsallake ta canja alama, sai ya zo kan 3x = 54 ya rubuta x = 54 − 3, ko ya raba 54 da −3 tunda ai an ce a canja alama, na gyara irin wannan a takardu har na gaji. Ka ɗauki egal kamar sikelin mai nama, abin da ka ɗora a wannan faranti ka ɗora a wancan, abin da ka sauke nan ka sauke can, in kayi haka ba ka da abin haddacewa.

Ɗan Kusiri: Malam da girmanka amma gsky a ɗakin jarabawa ba lokacin sikeli, awa biyu ce ga jometiri na jiranka, mu da tsallakewar muka ci BEPC muka ci jarabawar Purobatuwar da ke bayanta kuma ba abin da ya same mu

Malam Iro: Ƙanena ai ban hana mai gudu gudu ba, wanda ya gane dalili ya yanke hanya abinsa, ni ma a allo ina yankewa. Wanda bai gane ba ne in ya yanke yake faɗawa rami. Tunda kana ji da purodwi an kurwa amsa min wannan da sauri, mason 6 sun gama katanga a kwana 10, mason 4 kwana nawa za su yi?

Ɗan Kusiri: 4 sau 10 a raba 6, kwana 6 da ɗan wani abu

Ɗan Kusiri: Tsaya

Ɗan Kusiri: Kai 😭 15 ne

Goggon Injamena: Hhhh Malam ka kama shi da hannu a cikin tukunya

Malam Iro: Ka gani ko. Kai da kake shirin Bak, jarabawar gama sakandare, hannunka ya riga kanka, ka ce an rage ma'aikata kuma aikin ya fi sauri. Aikin kwanan mutum 60 ne, 6 sau 10, in mutum 4 ne su raba 60 ɗin, 15. Regil da turwa, wato dabarar nemo lamba ta huɗu daga ukun da aka baka, tana aiki ne in abu biyun tare suke hawa tare suke sauka, kamar litar mai da kuɗinsa, ko Yuro da sefa da yake a tsaye kan 655,957 wato faran ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai. In ɗaya na hawa ɗaya na sauka sai a juya. Tambayar da nake so yaro ya yi kafin ya taɓa biro ita ce, amsar nan da nake nema ta fi wadda aka bani ko bata kai ba. Daƙiƙa biyar ce.

Kawu Mason (Gidar): Malam ni dai a matsayina na mai sana'ar ina ƙalubalantar tambayar nan taka, mason 4 ɗin su waye? In irin yaran da nake ɗauka ne yanzu masu danna waya ko wata ɗaya ba za su gama ba, kuma in ka kawo mason 60 ba za su gama a kwana ɗaya ba wallahi sai dai su tattake juna, ga siminti sai ya sha iska kafin a ɗora wani layi. Amma batun gwargwado kam gaskiya ne mu da shi muke ci, kankare in an ce 1, 2, 3 to siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa uku, da bokiti ka auna ko da baro duk ɗaya ne in dai abu ɗaya ka auna dukkansu da shi. Na taɓa barin wani yaro a kan aiki na tafi Figil ɗauko siminti, kafin in dawo ya auna siminti da bokiti yashi da baro wai ai 1 da 2 ne, sai da muka fasa dakalin nan gaba ɗaya, buhu huɗu suka tafi a banza kuma daga aljihuna

Malam Iro: Kawu wannan labarin naka gobe da shi zan buɗe darasi a katiriyem, ajin da ke ƙasa da su Abba, in ka yarda. Shi ne dai yaron da ke gwada mita da santimita bai maida su abu ɗaya ba.

Kawu Mason (Gidar): Na yarda amma kar ka faɗi garin

Baban Khalifa (Ngaundare): Ni fa duk wannan ban ga abin wahala ba, yanzu akwai manhaja a waya ka ɗauki hoton tambaya ta baka amsa har da matakai, nawa yaran da ita suke yi

Maman Abba (Garwa): To Baban Khalifa ranar BEPC da wayar za su shiga?

Baban Khalifa (Ngaundare): A'a ni dai na faɗi abin da na gani ne Hajiya. Kuma in za'a faɗi gaskiya malaman ma da nasu, na biya repetitar, mai koyar da yaro a gida, wata biyar cur dan lissafi kaɗai, yaron nan ya tashi daga 6 ya koma 6 da rabi a kan 20, da na zauna na saurara wata rana sai na ga mutumin shi yake yin dabuwar ɗin yaro yana kwafa, to da in biya wannan ba gara wayar ba kyauta

Malam Iro: Baban Khalifa ban musa ba, akwai masu yin haka kuma cuta ce. Mu ma ta namu gefen, ajin da nake shiga bana yara sun haura 90, wasu uku uku wasu huɗu a benci, in na tsaya kan kowane yaro minti ɗaya awa ta ƙare ban rubuta komai ba, dole ka bada dabara a haddace ka wuce dan a gama purogiram. Shi yasa nake cewa iyaye, ko baku yi boko ba akwai abin da za ku iya, ku sa yaro ya faɗa muku tambayar da Hausa da bakinsa kamar yadda Abba ya yi wa mamansa yau. In ya kasa faɗa da Hausa to bai gane tambayar ba, ba lissafin ne ya kada shi ba tukuna, Faransancin ne. Kalma ɗaya kamar de plus da fois plus ta isa ta juya amsa, ɗaya ƙari ce ɗaya ninki.

Alaramma (Kusiri): Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ina murmushi, domin wannan ɗauri ɗauri da Alhaji ya yi shi muke yi a rabon gado tun kafin a kawo lekol ƙasar nan. Misali mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 mata 3, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya ya rage 1,600,000. Matar tana da tumuni wato ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya, 200,000 kenan, saura 1,400,000. Namiji yana da rabon mata biyu kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 11, to maza biyu kashi 4, mata uku kashi 3, kashi 7, kowane kashi 200,000, namiji 400,000 mace 200,000. Malam Iro in kai ne ai cewa za ka yi 7x ko? Amma dan Allah kar wani ya ɗauki wannan misalin ya je ya raba gadon gidansu, in uwa ko uba na raye ko akwai wasu magada lissafin ya canja, a je wajen malamai.

Malam Iro: Allah ya gafarta Malam 7x = 1,400,000 ba ƙari ba ragi. Kuma ba haɗuwar banza ba ce, kalmar aljebra ɗin kanta daga al-jabr take, sunan littafin Muhammad bin Musa al-Khawarizmi da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 zamanin halifa Ma'amun, kuma babban yanki na littafin kan wasiyya da gado ne. Jabr shi ne ɗori, irin na wanda ya karye, lokacin da na ce wa Abba ya ƙara 30 a kowane gefe dan ya cike abin da aka ɗebe to jabr ɗin kenan, ɗebe 12x a gefe biyu kuma shi ne muƙabala. Kuma babu x ko ɗaya a littafin, da zance ya rubuta komai, abin da ake nema yana kiransa shai'un wato abu. Wannan x da y ɗin sai a 1637 Bafaranshen nan Descartes ya yaɗa su. Ita ma hanyar Alhaji ta gwada biyu tana da suna a wajen malaman hisabi na da, hisabul khaɗa'aini, lissafin kuskure biyu, kuma ba sai ka yi ta laluben ba. Duba, a layi 10 awaki sau 3 sun bada 120 tumaki sau 4 sun bada 144, giɓin 24. A layi 20, 270 da 264, rarar 6. Daga giɓin 24 zuwa rarar 6 tafiyar 30 ce a layi 10, kowane layi na cike 3 kenan, to 24 na buƙatar layi 8, 10 da 8 sha takwas.

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Ashe ni ɗin babban malami ne ban sani ba, Ɗan Kusiri ka ji ko, daga yau ka dinga gaishe ni da kyau

Ɗan Kusiri: Na tuba Baba Alhaji 🙏 amma ka gwada hanyarka in amsar ta zo da waƙafi ko tambaya mai x da y mu gani, kwalin shayin zai ƙare

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Akuya bata zuwa da waƙafi ɗana

Admin: Jama'a ana jin daɗi amma masu turo hoton atamfa da takalma a tsakiyar magana dan Allah ku bari sai Asabar, na goge guda uku yanzu

Malam Iro: Abba in kana nan ga naka, kar kowa ya taya shi, Ɗan Kusiri da kai nake. Wata mata kajinta da zabinta 7 ne da 4, ta saida kaji 8 ta sayo zabi 4, suka koma 3 da 2. Nawa ne tun farko. In ka gama kar ka tambaye ni ko daidai ne, ka maida amsarka cikin labarin ka gani da idonka.

Goggon Injamena: Kafin ya gama, Malam ni ma ga tawa, mai shago ya ƙara wa buhun shinkafa kashi 20 cikin ɗari da azumi, bayan salla yace ya rage kashi 20 ya koma yadda yake, ni kuma na ga kamar ba haka ba amma na rasa ta inda zan kama shi

Malam Iro: Goggo bai koma yadda yake ba amma ke ce da riba. A ce 25,000 ne, ƙarin kashi 20 ya kai shi 30,000, ragin kashi 20 kuma a kan 30,000 ake yinsa wato 6,000, ya dawo 24,000. In 25,000 ya saida miki to bai rage kashi 20 cikakke ba.

Goggon Injamena: Yauwa dama jikina ya bani, gobe da ni da shi

Maman Abba (Garwa): Misiye nine. Nayi 2(7x − 8) = 3(4x + 4) ya bani 14x − 8 = 12x + 4 sai x = 6, kaji 42 zabi 24. Amma da na cire 8 na ƙara 4 ya zama 34 da 28 kuma 34 sau 2 = 68, 28 sau 3 = 84 basu zo daidai ba

Malam Iro: Madalla, ka kama ɓarawon da kanka. Layinka na farko daidai ne. Duba lokacin da ka buɗe baka, 2 ɗin nan wa da wa ya gaisar a cikin ɗakin?

Maman Abba (Garwa): Ohh 7x kawai na ninka ban ninka 8 ba, can ma ban ninka 4 ba. 14x − 16 = 12x + 12, na ƙara 16 ko'ina na cire 12x ko'ina 2x = 28, x = 14. Kaji 98 zabi 56. Bayan ciniki 90 da 60, 90 sau 2 = 180, 60 sau 3 = 180

Malam Iro: Shikenan. Je ka ci abinci.

Maman Abba (Garwa): Na karɓi wayata. Malam Allah ya saka da alheri ya raya zuri'a, Alhaji da kowa na gode, gashi can yana cin tuwon da sanyinsa yana ta yi wa ƙanwarsa bayanin zabi ita ko ko a jikinta

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Malam Iro kafin ka kwanta, wata 'yar tambaya ce ba tawa ba ta wani abokina ce. Ya sa 600,000 a harkar albasa tun farkon kaka kuɗin suka yi wata 6 suna juyawa, ƙaninsa ya kawo 400,000 amma sai a tsakiya, nasa wata 3 suka yi. Riba ta fito 200,000. Shi abokin nawa ya yi ɗauri 6 da 4 ya ba ƙanin 80,000 ya riƙe 120,000, to yanzu da na ga maganar mason ɗin nan da kwanaki sai naji kamar watannin ma ya kamata su shiga

Malam Iro: A lissafin lekol suna shiga Alhaji. 600,000 sau 6 ya bada 3,600,000, 400,000 sau 3 ya bada 1,200,000, wato 3 da 1, kashi 4, kowane kashi 50,000. Babban 150,000 ƙanin 50,000. Abokin naka ya yi kyautar 30,000.

Alaramma (Kusiri): A lissafin lekol kenan. Amma Alhaji a tambayi abokin naka me suka yi yarjejeniya a kai tun farko, in sun ce a kan jari za'a raba to magana ta ƙare, ba'a sake sharaɗi bayan riba ta fito

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Basu yi wata yarjejeniya ba Malam, 'yan uwa ne ciki ɗaya

Sani Direba: Yaya ina cikin gurup ɗin nan fa

Kawu Mason (Gidar): 😂😂😂 innalillahi

Sani Direba: Malam Iro tunda an zo nan a sa min a lissafin, wa ya kwana uku a kan buhuna daga Marwa zuwa Yawunde, wa ya yi faci biyu a hanyar Ngaundare cikin dare da kuɗinsa, shi abokin nasa yana gida yana shan shayi. Wannan kashi nawa ne

Malam Iro: Sani wannan babu shi a purogiram ɗin turwaziyem, ni na kwanta sai da safe

Alhaji Mai Albasa (Marwa): Sani ɗauki waya ina kiranka